Tarihin Aƙidar Zaɓen Iri da Matsayinsa Wajen Koyar da Ilmin Ƙididdiga da Ilmin Halayyar Ɗan Adam

1.0 GABATARWA

Da wuya ɗalibi ya kammala karatun digiri a fannin tarbiyya, ko aikin gona, ko likitanci, ko nazarin zaman jama'a, bai yi karo da sunayen Turawan nan uku ba, watau Galton da Pearson da Fisher. Haka nan shi ma mai nazarin harshe, muddin aikinsa ya kai shi ga ƙirga yawan aukuwar wata kalma ko wani furuci a bakin jama'a, to da kayan aikinsu zai yi awo. Littattafan koyarwa sukan kawo waɗannan sunaye a maƙale jikin dabarun lissafi, kamar sunan kamfani a jikin sikeli, ba tare da an ce komai game da mutanen su kansu ba. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne, na farkonsu shi ya ƙago kalmar yujeniks, ya kuma bar wasiyyar dukiyarsa don a kafa mata kujerar farfesa a Kwalejin Jami'a ta Landan, sauran biyun kuwa su ne suka hau wannan kujera ɗaya bayan ɗaya. A ilmin halayyar ɗan Adam ma haka abin yake, domin da dama daga cikin waɗanda suka yaɗa gwajin basira a Amurka da Ingila mabiya wannan aƙida ne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ma'anar aƙidar, da yadda ta cuɗanya da waɗannan fannoni biyu tun daga tushe, da abin da ta haifar. Daga nan za a nuna cewa wurin da ya dace da wannan tarihi shi ne cikin darasin kansa, saboda kurakuran da masu aƙidar suka tafka su ne ainihin kurakuran da ake koyar da ƙididdiga don a guje musu.

2.0 MA'ANAR KALMAR

Francis Galton, wanda ya rayu daga 1822 zuwa 1911, ya ƙago kalmar yujeniks a shekarar 1883 daga harshen Girkanci, inda tushenta yake nufin wanda aka haifa da kyakkyawan asali. Abin da yake nufi da ita shi ne a yi wa ɗan Adam irin abin da manomi yake yi da kaka, sa'ad da yake ware manyan zangarkun gero ya adana don shukar baɗi, ko abin da makiyayi yake yi in ya zaɓi bijimin da zai bari a garke. Aƙidar tana da fuska biyu. Ta farko ita ce a ƙarfafa wa waɗanda aka ɗauka su ne nagartattu gwiwa su yawaita haihuwa. Ta biyu kuwa ita ce a hana waɗanda aka ɗauka marasa nagarta ne haihuwa, ko ta hanyar tsare su, ko hana su aure, ko yi musu tiyatar kashe haihuwa.

A wannan maƙala an zaɓi a kira ta aƙidar zaɓen iri. Ana iya cewa gyaran iri ko inganta iri, amma duk wanda ya fassara ta haka ya riga ya amince da da'awar masu ita, cewa lalle gyara ake yi. Kalmar zaɓe kuwa tana barin tambayoyi biyu a buɗe, watau wa ke zaɓen, da wane ma'auni kuma yake yin sa. A kan waɗannan tambayoyi biyu ne dukkan tarihin ya rataya.

3.0 ZAƁEN IRI DA ILMIN ƘIDIDDIGA

3.1 Galton

Galton jikan Erasmus Darwin ne, watau kakansu ɗaya da Charles Darwin. A littafinsa Hereditary Genius na 1869 ya bi salsalar alƙalai da malamai da manyan 'yan siyasar Ingila, ya tarar da yawansu dangin juna ne, sai ya yanke hukuncin cewa fice a duniya gadonsa ake yi ta jini. Bai ba dukiya da makaranta da alfarmar gida muhimmancin da ya kamata ba. A cikin wannan littafi ne ya jera jinsunan mutane daki-daki, ya ajiye baƙar fata matakai biyu a ƙasa da mutanen Ingila. A 1873 kuma ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa yana ba da shawarar a zaunar da mutanen Sin a gabashin Afirka don su maye gurbin 'yan ƙasa.

Neman hujjar lissafi ga wannan ra'ayi ne ya kai shi ga awon mutane. A baje kolin lafiya da aka yi a Landan a 1884 ya buɗe ɗakin awo inda aka gwada tsawo da nauyi da ƙarfin damtse da kaifin gani na mutum fiye da 9,000. A 1886 ya buga sakamakon kwatanta tsawon 'ya'ya 928 da na iyayensu, inda ya lura cewa 'ya'yan dogaye sukan zama dogaye, amma a jimlace ba su kai iyayensu nisa daga tsawon gama-gari ba. Wannan shi ne asalin dabarar da ake kira rigireshan, watau koma-baya. A 1888 kuma ya fito da korileshan, watau awon dangantaka tsakanin abubuwa biyu. Waɗannan dabaru biyu su ne ginshiƙin kusan duk wani binciken ƙididdiga a yau.

3.2 Pearson

Karl Pearson, wanda ya rayu daga 1857 zuwa 1936, shi ne ya ɗora dabarun Galton bisa tsayayyen lissafi. Ma'aunin dangantaka da ɗalibai suke amfani da shi har yanzu sunansa yake ɗauke da shi, kuma shi ne ya fito da gwajin kai-sukwaya a 1900. A 1911 ya zama farfesan zaɓen iri na farko bisa wasiyyar Galton, a shekarar kuma ya kafa sashen ƙididdiga na farko a wata jami'a a duniya. A 1925 ya kafa mujallar Annals of Eugenics, inda shi da Margaret Moul suka buga dogon bincike a kan 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Rasha da Folan zuwa Landan. Sun dogara ƙwarai ga kimantawar da malaman makaranta suka yi wa basirar yaran, suka kuma kammala da cewa a jimlace waɗannan baƙi ba su kai 'yan ƙasa ba, a jiki da ƙwaƙwalwa. Lissafin da ke cikin aikin mai zurfi ne, amma abin da aka zuba a cikinsa ra'ayin mutane ne da aka mayar lambobi.

3.3 Fisher

Ronald Fisher, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1962, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar zaɓen iri ta Jami'ar Kambirij a 1911, tun yana ɗalibi. A maƙalarsa ta 1918 a kan kamannin da ke tsakanin dangi ne ya fara rarraba bambancin da ake gani tsakanin mutane gida-gida, wannan na gado, wancan na wasu dalilai. Daga 1919 zuwa 1933 ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, inda ya bunƙasa wannan dabara a kan amfanin gona, ya kuma shimfiɗa ƙa'idojin tsara gwaji waɗanda binciken noma da na magani suke bi har yau. Amma babi biyar na ƙarshe na littafinsa na 1930 a kan gado da zaɓin halitta, duk a kan al'ummar ɗan Adam suke, inda ya yi da'awar cewa dauloli suna rushewa ne saboda manyan mutane ba su haihuwa kamar talakawa. A 1933 ya gaji Pearson a kujerar Galton. Ko da jadawalin awon furanni na 1936, wanda kusan duk mai koyon sarrafa bayanai da kwamfuta yakan fara gwaji da shi, a mujallar nan ta zaɓen iri aka fara buga shi.

4.0 ZAƁEN IRI DA GWAJIN BASIRA

Gwajin basira bai faro da wannan manufa ba. Alfred Binet da Théodore Simon sun tsara shi a Faransa a 1905 don a gane yaran da suke bukatar ƙarin taimako a makaranta, kuma Binet ya yi gargaɗi a kan ɗaukar basira a matsayin abu tsayayye wanda ba ya ƙaruwa. Da gwajin ya ƙetare zuwa Amurka sai manufarsa ta juya. Henry Goddard ya fassara shi a 1908, ya yi amfani da shi wajen rarraba masu raunin ƙwaƙwalwa aji-aji, har ya ƙago kalmar moron a 1910 a matsayin sunan ɗaya daga cikin azuzuwan. Wannan kalma da ta fara a matsayin kalmar fannu, yau zagi ce tsagwaronsa a Ingilishi. A 1912 ya buga labarin wata zuriya da ya laƙaba wa suna Kallikak, don ya nuna cewa talauci da shaye-shaye da aikata laifi duk daga ƙwayar gado guda suke fitowa. Yawancin hukuncin da aka yanke a kan mutanen zuriyar, da ganin ido da jin labari aka yanke shi, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa.

Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake fasalin gwajin a 1916. Sa'an nan a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙarƙashin jagorancin Robert Yerkes, aka gwada sojojin Amurka kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin. Cikin tambayoyin akwai sunayen kayan kanti da na 'yan wasa. Waɗanda ba su iya karatu ba kuwa aka ba su hotuna su cike abin da ya ɓace, alal misali ragar da ke tsakiyar filin tanis. A 1923 Carl Brigham ya tattara sakamakon a littafi, ya jera jinsunan mutane bisa makinsu. Littafin ya fito ne daidai lokacin da ake muhawarar da ta haifar da dokar 1924, wadda ta taƙaita shigowar baƙi daga kudanci da gabashin Turai. A 1930 Brigham da kansa ya fito ya janye abin da ya faɗa, ya amsa cewa kwatancen ba shi da tushe. Amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

5.0 ABIN DA AƘIDAR TA HAIFAR

Jihar Indiyana ce ta fara kafa dokar kashe haihuwa bisa tilas a 1907, daga baya jihohin Amurka fiye da 30 suka bi sawu. Mutanen da aka yi wa wannan tiyata a ƙasar sun haura 60,000, kimanin 20,000 daga cikinsu a Kalifoniya. Shari'ar da ta tabbatar da halaccin dokokin ita ce ta Carrie Buck, wata yarinya 'yar talakawa a jihar Virginia, wadda ta sami ciki bayan wani ɗan'uwan mariƙanta ya yi mata fyaɗe, aka kai ta gidan masu raunin ƙwaƙwalwa. A 1927 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai takwas suka amince ɗaya ya ƙi, bisa hujjar cewa ita da mahaifiyarta da jaririyarta duk masu rauni ne. Binciken da masana tarihi suka yi daga baya ya nuna cewa Carrie ba ta da wani rauni, 'yarta kuwa har ta shiga jerin ɗaliban da aka yaba wa a makarantarsu kafin ta rasu tana da shekara takwas.

A Jamus gwamnatin Nazi ta kafa tata dokar a watan Yuli na 1933, aka kashe wa mutum kimanin 400,000 haihuwa. Daga 1939 zuwa 1941 kuma aka hallaka naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 a ƙarƙashin wani shiri na musamman, kuma dabarun kisan da aka gwada a kansu su ne aka faɗaɗa daga baya wajen kisan kiyashin Yahudawa. A 1936 Jami'ar Heidelberg ta ba Harry Laughlin, Ba'amurken da ya tsara samfurin irin wannan doka, digirin girmamawa. Faɗuwar Nazi ba ta kawo ƙarshen abin ba, domin a Suwidin an ci gaba har 1975, a Japan kuwa dokar 1948 ba a soke ta ba sai 1996, kuma sai a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta bayyana cewa ta saɓa wa tsarin mulki. Ingila, inda aƙidar ta samo asali, ba ta taɓa kafa dokar tiyatar ba, ko da yake dokarta ta 1913 ta ba da damar tsare masu raunin ƙwaƙwalwa.

Afirka ma ba ta tsira ba. A Kenya, cikin shekarun 1930, likitoci biyu, H. L. Gordon da F. W. Vint, sun auna kawunan 'yan ƙasa da ƙwaƙwalwar gawarwakinsu, suka yi da'awar cewa ƙwaƙwalwar baligin Ba'afirke ba ta wuce ta ƙaramin yaron Bature ba, kuma ilmi mai zurfi yana iya cutar da shi. Ke nan ɗalibin Afirka da ke koyon waɗannan fannoni yana karanta dabarun da aka taɓa auna kakanninsa da su, aka ce ba su cancanci zaman ajin da yake ciki ba.

6.0 RA'AYOYI GAME DA KOYAR DA WANNAN TARIHI

A shekarun baya-bayan nan cibiyoyin ilmi sun fara waiwaye. A watan Yuni na 2020 Kwalejin Jami'a ta Landan ta cire sunayen Galton da Pearson daga gine-ginenta, a watan Janairu na 2021 kuma ta nemi gafara a bainar jama'a. A 2020 ɗin ne aka canja sunan wata babbar laccar shekara-shekara ta masana ƙididdiga wadda a da take ɗauke da sunan Fisher. A watan Oktoba na 2021 Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ita ma ta nemi gafara a kan rawar da fannin ya taka wajen wariyar launin fata. Amma canja sunan gini bai warware wa malamin da ke tsaye gaban allo matsalarsa ba. A nan ra'ayi ya kasu uku.

Ra'ayi na farko shi ne a yi shiru. Masu wannan ra'ayi suna cewa lissafi ba ruwansa da halin wanda ya gano shi, manhaja kuma ta riga ta cika, mutanen nan kuwa 'ya'yan zamaninsu ne. Gaskiya ne ingancin ma'aunin dangantaka bai dogara ga halin Pearson ba. Amma batun zamani ba ya tsayuwa, domin a cikin zamanin nasu aka sami waɗanda suka ja da su. Franz Boas ya nuna tun 1911 cewa siffar kan 'ya'yan baƙi tana sauyawa in an haife su a Amurka. Walter Lippmann ya ƙalubalanci Terman a 1922. Lionel Penrose, wanda ya hau kujerar Galton bayan Fisher, bai yarda da aƙidar ba, kuma shi ya canja sunan mujallar a 1954. Hujjojin suna nan a lokacin, sai dai wasu sun ƙi sauraro.

Ra'ayi na biyu shi ne a yi watsi da dabarun ko a ɓoye sunayen. Wannan ma ba ya ɓullewa, domin da waɗannan dabaru ne ake gwada ingancin allurar rigakafi da sabon irin masara, kuma da su ne aka rushe da'awar masu zaɓen irin su kansu. Ɓoye suna kuwa yana hana ɗalibi sanin inda zai yi hattara.

Ra'ayi na uku, wanda wannan maƙala take goyon baya, shi ne a koyar da dabarar tare da asalinta a darasi guda, tarihin ya zamanto shi ne misalin da ake aiki a kansa.

7.0 YADDA ZA A SHIGAR DA TARIHIN CIKIN DARASI

7.1 Darasin koma-baya

Galton ya ɗauka cewa wani ƙarfi ne na kakanni yake janyo zuriya zuwa ga gama-gari, kalmar da ya zaɓa ma a Ingilishi tana ɗauke da raini, ma'anarta rashin fice. Malami yana iya ba ɗalibai jadawalin nan na 1886, ya sa su juya shi, su fara daga 'ya'ya su koma ga iyaye. Za su tarar iyayen dogayen 'ya'ya su ma a jimlace ba su kai 'ya'yan nasu tsawo ba. Tun da 'ya'ya ba su gadar wa iyaye komai, a nan ɗalibi zai gane cewa koma-baya sifa ce ta duk wasu abubuwa biyu da dangantakarsu ba cikakkiya ba ce. Shi ya sa ɗalibin da ya zo na ɗaya a jarrabawar farko sau da yawa yakan ɗan sauko a ta biyu, ba don ya lalace ba.

7.2 Darasin dangantaka da sanadi

A farkon ƙarni na ashirin cutar felagra, mai sa fata ta yi baƙi ta tsattsage, ta kawo zawo da ruɗewar hankali, ta addabi talakawan kudancin Amurka. Da yake tana bin gida-gida, Charles Davenport, jagoran masu zaɓen iri a ƙasar, ya danganta ta da gado. Joseph Goldberger kuwa, daga 1914, ya lura cewa a gidajen marayu da na masu taɓin hankali mazauna ne suke kamuwa, ma'aikata ba su kamuwa. Da ya ƙara wa mazaunan madara da nama da wake a kan abincin masarar da suka dogara gare shi, sai cutar ta kau. Mutanen gida ɗaya jininsu ɗaya, amma kuma tukunyarsu ɗaya.

Wannan darasi yana da makamancinsa a kusa. Karin maganar nan da ke cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, an gina ta ne bisa zaton cewa kuturta gadonta ake yi. Manyan likitocin Norwe ma haka suka ɗauka, har Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar a 1873. Amfanin kawo wannan misali shi ne ɗalibi ya ga cewa kuskuren ba na wata al'umma guda ba ne. Duk inda aka ga abu yana bin zuriya, zuciya takan yi saurin cewa jini ne.

7.3 Darasin ingancin gwaji

A cikin alƙaluman sojojin nan akwai abin da ya isa ya rushe hukuncin Brigham. Makin baƙi yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan shekarun da suka yi a Amurka, abin da ke nuna cewa sanin Ingilishi da al'adar ƙasar ake aunawa. Brigham ya ga wannan, amma ya fassara shi da cewa baƙin da suka zo daga baya su ne marasa nagarta. A 1924 Horace Mann Bond, wani matashin malami baƙar fata, ya nuna cewa sojoji baƙar fata daga wasu jihohin arewa sun fi farar fata na wasu jihohin kudu maki, kuma makin yana tafiya ne tare da ingancin makarantun jiha. Daga baya James Flynn ya nuna, a 1984 da 1987, cewa makin gwajin basira ya yi ta hawa a ƙasashe da dama, a Amurka kimanin maki uku a kowace shekara goma, saurin da gado ba zai iya bayyana shi ba. Malami yana iya ba ɗalibai waɗannan alƙaluma ba tare da ya gaya musu hukuncin Brigham ba, ya bar su su fassara, sa'an nan a kwatanta.

A nan ne masanin harshe yake da ta cewa. Gwajin da aka tsara a wani harshe, aka gwada ingancinsa a kan yaran wata ƙasa, fassara kalmominsa kawai ba ta mayar da shi ma'aunin yaron da ya tashi a Kano ko Damagaram. Yaron da bai taɓa ganin filin tanis ba yana iya rarrabe shanun garke ɗaya bayan ɗaya da sunayen launinsu, abin da mai tsara gwajin ba zai iya ba.

7.4 Darasin rabon gado

Richard Lewontin ya ba da wani misali a 1970 wanda ya dace da kowane ajin manoma. A ɗebi iri daga buhu guda, a shuka rabi a ƙasa mai taki da ruwa, rabi kuma a fako. A cikin kowace gona, bambancin tsawon karan da aka gani yana iya kasancewa na iri ne kacokan. Amma bambancin da ke tsakanin gonakin biyu na ƙasa ne kacokan, tun da irin ɗaya ne. Saboda haka ko da an tabbatar cewa gado yana da babban rabo a bambancin da ke tsakanin mutanen al'umma ɗaya, wannan bai faɗi komai ba game da bambancin da ke tsakanin al'ummomi biyu masu rayuwa dabam-dabam.

7.5 Iyakar lissafi

A 1917 R. C. Punnett, da taimakon masanin lissafi G. H. Hardy, ya lissafa cewa in wata naƙasa ta ɓoyayyiyar ƙwayar gado tana samun mutum ɗaya cikin 100, aka kuma hana duk masu ita haihuwa, sai an yi zuriya 22 kafin ta sauko zuwa ɗaya cikin 1,000, sai an yi zuriya 90 kafin ta kai ɗaya cikin 10,000. Dalili kuwa shi ne yawancin ƙwayoyin suna jikin lafiyayyu ne masu ɗauke da su a ɓoye. Ɗalibi yana iya yin wannan lissafi da kansa cikin 'yan mintoci. Amma ya kamata a gaya masa cewa Punnett bai bar aƙidar ba saboda wannan, sai ma ya ce a nemi hanyar gano masu ɗauke da ƙwayar. Watau lissafi kaɗai bai isa ya tsare mutum ba. Ko da shirin yana aiki, kama mutum a yanke masa zuriya ba da yardarsa ba zalunci ne, kuma wannan hukunci ba daga jadawali yake fitowa ba.

A wannan gaɓa ɗalibai sukan tambayi matsayin gwajin jini kafin aure saboda cutar sikila. Bai kamata malami ya kauce wa tambayar ba. Sikila cuta ce da aka san ƙwayarta da yadda ake gadonta, ba kamar talauci ko rashin tarbiyya ba, waɗanda masu zaɓen iri suka jingina wa jini ba da hujja ba. Abin lura na biyu shi ne manufa, ko gwajin don masu auren su san halin da suke ciki ne, ko kuwa don wani ya yanke hukuncin wanda ya cancanci haihuwa. Tarihin da aka kawo a sama yana koya wa ɗalibi ya riƙa sa ido a kan wannan iyaka.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa dabarun koma-baya da awon dangantaka da rarraba bambanci da gwajin basira duk sun taso ne, ko sun bunƙasa, a hannun mutanen da suke neman hujjar fifita wasu zuriyoyi a kan wasu, kuma wannan nema ya jawo wa dubban ɗaruruwan mutane asarar zuriya, wasu ma asarar rai. An kuma ga cewa dabarun suna da inganci, kuma da su aka bankaɗo kuskuren masu su. Abin da ake bukata daga malami bai wuce ya sauya wasu misalan da yake bayarwa ba, ya sa jadawalin Galton da alƙaluman Brigham da binciken Goldberger a gurbin misalan da ba su da tarihi, ya ambaci sunan Carrie Buck tare da na waɗanda suka auna ta, ya kuma ambaci irin su Boas da Bond. Haka nan masu aikin ƙirƙiro kalmomin fannu a Hausa, ya kamata su binciki asalin kowace kalma kafin su ba ta tufafin Hausa, don kada a shigo da raini a ɓoye cikin fassara. Ɗalibin da aka koyar ta wannan hanya, duk ranar da aka miƙa masa jadawali mai jera mutane daki-daki, zai fara da tambayar wanda ya yi awon, da abin da aka auna, da kuma abin da za a yi da sakamakon. Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya.